Kafin ka miƙa wa ɗan gwangwan tsohon agogon gidanku

 

Yau hirar agogo za mu yi. Agogon tebur mai ƙararrawa, wanda ake yi wa wani da hannu, mai 'yan ƙafafu biyu, wani lokacin da kwanukan ƙararrawa biyu a ka kamar kunnuwa. Na san wani zai ce, haba, a wannan marrar da ake ciki sai maganar agogo? To ku ba ni aron kunnenku tukuna. Dalilaina biyu ne. Na farko, akwai mutane a duniya da suka mai da tara waɗannan agoguna ilimi guda, sun san kowane samfuri da shekararsa, mu kuwa irinsu muke miƙa wa ɗan gwangwan ya ɗora a sikeli. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, wasu daga cikinsu suna ɗauke da guba wadda ido ba ya gani, kuma mai gyara ko yaro mai ƙiriniya zai iya buɗewa bai sani ba. Za mu zo kan wannan.

Kafin agogo, mutum ne yake tada mutum. Mu nan mun san zakara, mun san kiran ladan, mun san masu zagaya unguwa da ganga ko gwangwani suna tada mutane sahur. A Ingila ma haka abin yake, har sana'a ce: mutum ya ɗauki doguwar sanda ya bi layi da duku-duku yana ƙwanƙwasa tagogin ma'aikata, ƙarshen mako a biya shi. A wasu garuruwan masana'antu an ci gaba da wannan har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tunanin na'ura mai tada mutum kuwa ya daɗe. Masanin Daular Usmaniyya, Taƙiyuddin, ya bayyana agogo mai buga ƙararrawa a lokacin da aka saita masa cikin littafinsa na 1559.

Amma sunaye uku masu tarawa suka fi ambata. A 1787 wani Ba'amurke, Levi Hutchins, ya haɗa wa kansa agogo mai ƙararrawa, sai dai ƙarfe huɗu na asuba kaɗai yake bugawa, ba ka da yadda za ka canza masa lokaci. A 1847 wani Bafaranshe, Antoine Redier, ya karɓi takardar mallakar fasaha ta agogon da kai za ka zaɓi lokacin da zai tashe ka. Sai 1876, lokacin da kamfanin Seth Thomas na Amurka ya yi rajistar ɗan ƙaramin agogon gefen gado, irin wanda daga baya ya cika duniya.

Tambayar ita ce, me ya sa sai a ƙarshen ƙarni na 19 abin ya bazu? Ai saboda masana'anta da jirgin ƙasa. Manomi ba ruwansa da minti, rana ce agogonsa. Amma wanda yake aiki a masaƙa, idan ya makara da minti biyar a rufe masa ƙofa ko a zaftare masa albashi, dole ya nemi abin da zai tashe shi. Kun ga ke nan agogon ƙararrawa tun asali agogon ma'aikaci ne. Attajiri yana da agogon zinare a aljihu, yana da bara mai tada shi. Shi wannan an yi shi da gwangwani da arha, miliyoyi, idan ya lalace a yar a sayi wani. Shi ya sa a yau wanda ya tsira da fentinsa da gilashinsa da duk makullansa yake da daraja a wurin masu tarawa.

Yauwa, bari mu zauna a kan guda ɗaya, don idan ka gane shi ka gane yadda ake karanta sauran. Sunansa Big Ben, na kamfanin Westclox wanda a lokacin yake jihar Illinois a Amurka. Sunan shahararriyar ƙararrawar nan ta Landan suka ara. An yi rajistar fasaharsa a 1908, ya shiga kasuwa a 1909, ƙanensa Baby Ben ya biyo baya a 1910. Dabararsu ita ce, maimakon a ɗora ƙararrawa a saman agogo, sai suka mai da bayan agogon gaba ɗaya ya zama ƙararrawa, guduma tana dukansa daga ciki. Saboda haka ga darasi na farko: in ka ga kwanuka biyu a ka, ba tsohon Big Ben na ainihi ba ne. Dala biyu da rabi suka sa masa, kuɗi mai yawa ga agogon tebur a lokacin, kuma a tallarsu suna maganarsa kamar wani mutum, wani ƙaton aboki da ba ya bari ka makara.

Masu tarawa sun kasa Big Ben gida goma, ƙira ta 1 zuwa ta 10, kuma da siffar jiki suke ganewa. Ƙira ta 1, daga farko zuwa 1918, tana tsaye a kan ƙafafu biyu, da zobe a ka na ratayewa, jiki fari sol da ruwan nikel. Akwai wadda suke kira 1a, daga 1918 zuwa 1935, kusan tagwaye suke da ta farko, sai ka duba gaba: ta farkon ana ganin kawunan kusoshi a zagayen fuskarta, ta biyun babu. A 1927 ƙira ta 2 ta fito, aka cire ƙafafu aka ɗora agogon a kan gindi, har aka yi masu launin kore da shuɗi da ruwan hoda masu fenti kamar tsattsagewar ƙasa. Waɗannan masu launin ana nemansu sosai. A 1931 ƙira ta 3 ta zo da wata sabuwar dabara, ƙararrawar ta fara a hankali, in ka ƙi tashi sannan ta ɓare baki. Wannan alam ɗin wayarka da yake farawa ƙasa-ƙasa yana ƙara ƙarfi, to ga kakansa nan. Ƙira ta 5, daga 1939 zuwa 1949, Henry Dreyfuss ne ya zana ta, mutumin da ya zana wa kamfanin Bell wayar tarho ya kuma zana jiragen ƙasa. Gaskiya a idona ita ta fi kowacce kyau, ba ado, ba hayaniya. Daga nan sai ta 6 a 1949, ta 7 a 1956, ta 8 a 1964 mai siffar ƙwai a kwance. Da aka yi nisa sai roba ta fara cin ƙarfe, nauyi ya ragu, ni dai daga nan sha'awata take sanyi.

Wani abin da Westclox suka yi wanda ya sauƙaƙa wa masu bincike: sukan buga ranar ƙira a jikin injin da ke ciki. Amma kar kowa ya ruga ya ɗauko sukudireba, ku jira ku ji ƙarshen shirin. Sannan ba duk Westclox ne ɗan Amurka ba. Sun buɗe masana'anta a Dumbarton ta Sikotilan a 1948, a lokacin suna da wata a Kanada. Wanda aka rubuta wa Made in Scotland a ƙasan fuska, ka san bai girmi 1948 ba.

Ga wani labari da yake nuna muku matsayin wannan ɗan abu. A 1942 Amurka ta tsayar da ƙera agogon ƙararrawa, aka juya masana'antun zuwa kayan yaƙi. Ba a jima ba ma'aikatan masana'antun makamai suka fara makara, saboda tsofaffin agoguna suna mutuwa babu sababbi. Dole gwamnati ta sassauta. Westclox suka fitar da wani mai suna Waralarm, jikinsa na matsattsen garin katako don a tsimi ƙarfe, gwamnati ce ma ta ƙayyade farashinsa. Ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma da yake jikin ba ya jure ruwa da faɗuwa, lafiyayyensa abin nema ne yanzu. Maɓallin ƙarin barci kuwa, wanda muke dannawa sau biyar kowace safiya, General Electric-Telechron ne suka fito da shi a 1956 a agogonsu Snooz-Alarm.

Sauran ƙasashe zan bi su da sauri. Jamus tana da Junghans, wanda aka kafa a 1861 a garin Schramberg, kuma zuwa 1903 shi ne kamfanin agogo mafi girma a duniya, yana fitar da sama da miliyan uku a shekara. Tambarinsa tauraro mai tsini takwas da harafin J a tsakiya. Akwai Kienzle da Mauthe, akwai 'yan agogunan tafiya na Europa masu naɗewa cikin akwatin fata kamar na zobe. Faransa tana da Bayard da Japy da Jaz. 'Yan uwanmu na Nijar, ku kula da wannan na ƙarshen. Jaz an kafa shi a 1919, kuma daga farkon shekarun 1940 suka sa ɗan tsuntsu a tambarinsu. Ana ba da labarin cewa lokacin mamayar Jamus ne, sunan ya yi kama da kiɗan jaz na Amurka wanda 'yan Nazi suka tsana, sai kamfanin ya fake da wani tsuntsu mai suna makamancin haka. Abin amfani gare ka shi ne wutsiyar tsuntsun: in tana kallon ƙasa, agogon kafin 1967 ne, in ta ɗaga sama, daga 1967 ne zuwa gaba. Wutsiya kawai, ta ba ka zamani.

Tarayyar Sobiyet tana da Slava da Vityaz da Jantar da Sevani. Ƙananan Slava sukan zo da rubutun duwatsu 11, wato 'yan jajayen duwatsun da ake dasawa inda ƙarfe yake juyawa don kada ya cinye. In a danginku akwai wanda ya yi karatu a Rasha a wancan zamanin, a leƙa tsohuwar akwatinsa.

Sai na Sin, wanda nake zaton shi yawancinmu muka fi sani: mai hoton kaza da 'yan tsakinta, kanta yana sauka yana tashi tana tsattsagar tsaba da kowane bugun agogo. Ba wani inji daban ba ne, kan kazar an maƙala shi ne a jikin abin da yake yin tik-tik ɗin. Kamfanoni da dama sun yi shi, Diamond na Shanghai yana cikin sanannu. Akwai kuma na zamanin Mao, mai hoton matashiya tana kaɗa ɗan jan littafi. A nan sai an yi hattara, domin jabunsu sun yi yawa, ana ƙera sabo a tsufar da shi da gangan a sayar wa baƙi.

To yanzu ka ɗauko na gidanku, ya za ka karanta shi ba tare da ka buɗe ba? Fara da ƙananan rubutun da ke ƙasan lamba shida. Sunan ƙasa kaɗai yakan yanke maka shekaru. West Germany, tsakanin 1949 da 1990 ne. GDR, Jamus ta Gabas ce, ita ma ta ƙare a 1990. USSR ko haruffan da suka yi kama da CCCP, bai wuce 1991 ba. Czechoslovakia, kafin 1993. Occupied Japan, 'yan shekarun nan ne na bayan yaƙi zuwa 1952. Wato ƙasashen da suka ƙera wasu agogunan sun mutu, agogunan suna nan suna bugawa a kan kabad ɗin Hajiya. Sannan juya bayansa. Makullai biyu za ka gani, ɗaya na tafiyar lokaci ɗaya na ƙararrawa, da wata 'yar tsaga mai ɗan hannu na ƙara gudu ko ragewa. In an rubuta F da S, na kasuwar masu Turanci ne. A da R, Faransanci. V da N, Jamusanci. Yawancinsu awa talatin suke yi da wani ɗaya, saboda haka in ya tsaya bayan kwana ɗaya lafiyarsa ƙalau, haka aka yi shi.

Wata shawara ga masu sayen kaya ta intanet ko a gwanjo. Kar ka sayi tsohon agogon lantarki na Amurka da niyyar amfani da shi a nan. Injinsa da bugun wutar lantarki yake ƙirga lokaci. Wutarsu tana bugawa sau 60 a sakan, tamu a Najeriya da Nijar da Gana sau 50. Ko ka sa masa na'urar rage ƙarfin wuta don kada ya ƙone, zai riƙa yin baya da minti goma a kowace awa, awa huɗu a yini ke nan. Ba a ma zo maganar ɗauke wuta ba.

Yanzu maganar da na ce ta fi damuna. Ku natsu a nan don Allah.

Tun wajen Yaƙin Duniya na Ɗaya aka fara shafa wa lambobi da hannayen agogo wani fenti mai haske a duhu. Abin da yake sa shi haske sinadarin radiyam ne, mai fitar da tururin nukiliya. 'Yan mata ake ɗauka aikin shafawar, da yawansu ba su kai shekara ashirin ba, kuma aka koya musu su riƙa lasar bakin buroshi don ya yi tsini. A lasa, a tsoma a fenti, a shafa, a sake lasa, ɗaruruwan sau a yini. Aka ce musu ba ya cutarwa. Jiki kuwa yana ɗaukar radiyam kamar sinadarin gina ƙashi, sai ya kai shi cikin ƙasusuwa ya ajiye. Haƙoransu suka fara zuba, muƙamuƙi yana ruɓewa, ƙafa tana karyewa ba faɗuwa, ciwon daji ya biyo baya.

A garin Orange na jihar New Jersey, Grace Fryer da abokan aikinta huɗu suka kai kamfanin United States Radium ƙara, aka yi sulhu a 1928. A garin Ottawa na Illinois kuma akwai kamfanin Radium Dial, wanda babban mai ba shi aiki shi ne Westclox ɗin nan da muka gama yabo. Can ne Catherine Donohue ta yi aiki. A 1938 jikinta ya yi raunin da sai a gidanta aka ƙarasa sauraron shaidarta, tana kwance. Ta ci shari'ar, ta rasu a watan Yulin shekarar, kamfanin ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta ƙi saurarensa a 1939. Shari'o'in waɗannan mata suna cikin abubuwan da suka ƙarfafa dokokin kare lafiyar ma'aikata a Amurka. Ni duk lokacin da na ga hoton Big Ben mai baƙar fuska da lambobi masu kauri, hannun da ya shafa fentin nake tunawa. An yi agogo don kada ma'aikaci ya makara, an kashe wata ma'aikaciyar wajen yin sa.

Me ya shafe mu? Radiyam sai ya shekara wajen 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Fentin yakan daina haske bayan wasu shekaru saboda hodar da take ƙyallin ta gaji, amma radiyam ɗin yana nan daram. Saboda haka "ai ba ya haske" ba hujja ba ce. An yi amfani da shi har cikin shekarun 1960. In agogonka ya kai wannan shekarun, kuma lambobinsa ko hannayensa suna da fenti mai tudu wanda ya koma ruwan ƙasa ko ruwan toka-kore, ka ɗauka akwai shi. Tabbatarwa sai da na'urar awon tururin nukiliya, ido ba ya iyawa.

Ba tsoratarwa nake ba. Agogon da gilashinsa yake lafiya, yana ajiye can a kan kanta a ɗaki mai shan iska, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar ita ce ƙurar fentin ta shiga huhu ko ciki. Kuma kun san al'adar masu gyaranmu, da an buɗe abu sai a kai baki a hure ƙura. Wannan shi ne abin gudu. Kar a buɗe, kar a kankare, kar a hura, kar a ba yara su yi wasa da shi, kar a ajiye shi a kan gado kusa da kai. In gilashin ya fashe ko ka ga garin fenti yana yawo a ciki, sa shi a leda mai kauri ka ɗaure, ka wanke hannu, ka ajiye nesa da wurin kwana da wurin girki. In za ka kai gyara, gaya wa mai gyaran abin da ka ji yau. Shi ma ɗan gwangwan da zai farfasa shi da guduma ɗan wani ne.

Wanda fuskarsa fara ce da lambobin tawada zalla, ba fenti mai tudu a lamba ko a hannu, wannan ba shi da wannan matsalar. In ya ƙi tafiya, mutane sukan ce an cika masa wani ne. Yawanci ba haka ba ne, tsohon mai ne ya bushe ya haɗu da ƙurar hunturu ya daskare. Wankewa yake so a wurin wanda ya iya, da ɗigon man agogo. Ban da baƙin mai, ban da man gyaɗa, ban da fesa masa man kwance kusa. Kuma don Allah kar a sake masa fenti don ya yi ƙyalli. A wurin masu tarawa, tsohon fenti mai ɗan tabo ya fi sabon fenti daraja, in kuwa akwai kwalinsa na asali da takardarsa, to an gama.

Maganar kuɗi, kar in sa muku dogon buri. Yawancin waɗannan agoguna an yi su da miliyoyi, kuɗinsu a kasuwar masu tarawa bai taka kara ya karya ba. Masu tsada su ne na farko-farko, da masu launin da ba a yi da yawa ba, da masu hoton da ke motsi na ainihi, da waɗanda ba a taɓa ba. Kuma duk wanda ya zo maka da zancen wai akwai jan makuri a cikin tsohon agogo, za a saya miliyoyi, ka rabu da shi. Babu wani abu jan makuri. A 2009 an yi irin wannan a Saudiyya da tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da tsada, ƙarshe ta tabbata damfara ce.

Abin da zan roƙa a wannan makon ƙarami ne. In akwai irinsa a gidanku, ɗauki hotonsa gaba da baya ba tare da ka kwance komai ba, ka rubuta duk abin da ke ƙasan lamba shida, sannan ka tambayi mai shi tun yana raye: a wane kanti aka saya, wace shekara, kuma wane aiki yake tashinsa zuwa? Rubuta amsar a takarda ka ajiye tare da agogon. Ku turo mana hotunan, waɗanda na iya ganewa zan faɗi ƙirarsu a farkon shiri na gaba. Sai mun haɗu, a huta lafiya.